Dare Casa'in

Sha ɗaya da rabi, Toledo ta yi tsit,
sai injin ɗumama gida da ke tari a ƙarƙashin bene.
Na baje takardun albashi a teburin kicin,
nawa a dama, na Noreen a hagu,
yadda muka kwanta shekara goma sha ɗaya.

Fom ɗin bai tambayi wanda ya fara ɗaga murya ba.
Ohio ba ruwanta.
So take ta ji nawa nake samu a garejin bas,
nawa Noreen ke samu a asibitin haƙori,
wa ke biyan inshora,
nawa ake ba dattijuwar da ke riƙe Tilly in an tashi makaranta.
A haɗa, a raba, a duba jadawali.
Ashe 'yata tana da layi a jadawali,
a matse tsakanin 'ya'yan mutanen da ban sani ba.

Dala ɗari shida da arba'in a wata.
Na goge, na sake bugawa.
Kalkuleta ba ta da kara.

Lauya Szabo na son dubu uku kafin ta buɗe baki,
awarta guda ta cinye yinina da na gobe.
Kuɗin shigar da ƙara daban,
daban kuma na ajin da za a koya mana zama iyaye,
mu da muka shekara bakwai
muna auna zazzaɓi da bayan hannu.
Ranar aure fa?
Lasisi, zobe, da kek ɗin da goggonta ta gasa,
duka ba su kai kuɗin tayoyin motata ba.

"Ka yi wata shida a jihar nan?" in ji magatakarda.
Na ce nan aka yanke min cibiya,
bayan masana'antar gilas inda ubana ya ƙarar da bayansa.
Ta ce, "E ko a'a."

Sai maganar kwana.
In Tilly ta kwana casa'in a wurina cikin shekara
za a rage min kashi goma.
Na jawo kalanda ina zagaye Juma'a da Asabar,
na zuba hutun bazara, na kai tamanin da bakwai.
Saura uku.
Na ɗauke jajiberin Kirsimeti daga hannun uwarta,
ina laluben biyu,
biro ya tsaya.
Dala takwas da 'yan canji kowane dare.
Wai ni ne zaune ina taya barcin 'yata.

Matakala ta yi ƙara.
Ga ta, safa ɗaya a ƙafa, tana murza ido,
harshe na wasa da haƙorin da ke girgiɗi.
"Baba, kai ma an ba ka aikin gida?"
Na kife takardun.
"Malama Pruitt ta ce in lissafi ya ƙi, a bari sai da safe."

Ta sha ruwa, ta bar rabi a kofi.
Na saɓa ta a kafaɗa, ta yi nauyi fiye da bara,
muka wuce ƙofar da Noreen ta rufe, fitila na leƙowa ta ƙasa.
Ita ma ba ta yi barci ba.
Ina jin ƙarar takardu.

Na ja wa Tilly bargo, na zauna a ƙasa.
Wannan daren ba ya cikin casa'in.
Ban tashi da wuri ba.