Telan Damagaram a Fagge, Makon Zaɓe

Shekara tara ina taka keken ɗinki a Fagge,
ban taɓa tuna ni baƙo ne ba sai makon jiya.
Na je sayen kalanzir, yaron ya ɗago:
"Kai wa kake yi?"
Na ce allura nake yi, da zare.
Shi ya yi dariya.
Ni kuwa sai da na kai ƙofar shago
na ji harshena ya koma wurinsa lafiya.

Hausa ɗaya muke ji da mutanen layin nan,
amma tawa tana da ƙurar wata hanya.
In na ce "jikka", sai a waigo.
Yanzu na koyi cinikin kurame,
in nuna da yatsa, in biya.

Inna Hajo ta kira daga gida, muryarta na yankewa:
"Lawali, an ce za a rufe iyaka.
Ka auni gero. Ka sa kati a waya.
Inda mutum ya wuce uku kada ka zama na huɗu.
Rigimar gidan wani, ko da gaskiyarka,
kai ne za ka kwana a rijiya."
Na ce to, Inna.
Ban faɗa mata geron ya ninka kuɗi ba,
ba komai ake aika wa tsohuwa ta waya.

Wata biyu da suka wuce na yi wa waɗannan riguna ɗari,
na yi wa waɗancan tuta sittin,
kowa ya biya rabi, ya ce sai an ci.
Ƙyallayen da suka rage
yau sun zama garwashi a cikin shago.
Na tattara su, na cusa a matashi, na ɗinke bakinsa.
Ga jam'iyya biyu suna kwana ƙarƙashin kunnena,
ba zagi, ba jifa,
sai dai wuyana ke ciwo da safiya.

Takarduna na naɗe a leda,
na yi musu aljihu a ƙugun wando, daga ciki.
Ɗinkin da ban taɓa yi wa kowa irinsa ba.

Gwaggo Talle mai gidan haya ta leƙo da magariba,
carbi a hannu, rediyo a hammata:
"In an buga ƙofa kar ka tashi.
Ni zan ce ɗana ne, ɗan ƙanwata Indiya."
Ba ta da ƙanwa.
Na duƙar da kai, don ban saba ganin
an yi ƙarya dominka ta fi zuma daɗi ba.

Asabar, titin Kantin Kwari har ka ji kukan kurciya.
Jazuli, yaron shagona, ya dawo wajen la'asar
yana ɗaga babban yatsa kamar ya kamo kifi,
tawada har gefen farce, karonsa na farko.
Na dubi nawa.
Ba komai sai huda-hudar allura.
Ban tambaye shi wa ya dangwala wa ba,
shi ma ya san kada ya faɗa.

Cikin dare wani abu ya yi ƙara wajen gada.
Duk gidan ya ɗauke numfashi,
har jaririn ɗakin tsakiya.
Can wani ya ce ta taga, "Tayar adaidaita ce!"
Ba wanda ya tabbatar.
Mun dai karɓa, don ita muke so ta zama gaskiya.

Har yanzu ba a faɗi sakamako ba.
Amma da asuba na jiyo man Ta-Annabi ya soma ƙara,
ƙamshin ƙosai ya shigo ta ƙasan ƙyaure.
Matar nan ba ta hura wuta in gari zai ɓaci.
Na buɗe ƙofa rabi,
na zare zaren jiya, na sa sabo,
na rubuta wa Inna: mun kwana lafiya.
Na gobe ban rubuta ba tukuna.