Ta Bakwai a Maɗaba'a

A maɗaba'armu ta bayan Kantin Kwari,
inda warin tawada ya danne turare,
Alhaji ya kawo ma'aikaciya ta bakwai.
Ba ta shan shayi, ba ta neman kujera,
a cikin kwamfuta take kwana.
Ƙirƙirarriyar basira, in ji shi.

Tasi'u, sarkin gaggawa, mai shan kunu da zafinsa,
shi ya fara rungumarta.
Kafin Azahar ya haɗa katin biki uku,
ko kallo na biyu bai yi musu ba.
Ɗaurin auren Asabar ya koma Lahadi,
kati ɗari biyar, an riga an yanke.
Ya ce, "Ai ita ta rubuta."
Tasi'u ke nan. Tun kafin ta zo
bai taɓa rasa wuyan rataya laifi ba.

Baba Sallau mai injin bai ko ɗaga kai ba.
Ya ce abin da ba ya gumi
ba a karɓar rantsuwarsa.
Amma ranar Laraba, bayan an watse,
na gan shi ya kare allon da hularsa
yana raɗa mata zancen ciwon gwiwa.

Uwani mai lissafi ta ɗauke ta
kamar dillalin kasuwar Singa:
ta tambaya ta gaba, ta zagayo ta baya,
ta auna amsar da kalkuleta.
In ta kama ta da ƙarya
sai ta gyara ta wuce, ba tsaki.
Ita kaɗai ke tashi kafin Magariba yanzu.

Mudi kuwa gaishe ta yake yi. Wallahi.
"Ina kwana, ya aiki?"
Yana faɗa mata bashin haya,
abin da bai taɓa faɗa mana ba,
mu da muke haɗa hannu a kwanon gurasa
shekara takwas.
Wannan ya tsaya min a maƙogwaro.

Ni fa?
Ni ne mai jan biro,
tuntuɓen wasu shi ne abincina.
Na ɗana mata tarko da karin magana,
ta afka, na yi dariya har da tafi.
Sai ta ce, "Ka yi gaskiya, na yi kuskure."
Shi ke nan. Ba kame-kame.
Na san ba ta da idon jin kunya,
amsa laifi bai ci mata komai ba.
Duk da haka na yi tsit:
shekara goma sha tara a teburin nan,
maganar ba ta taɓa fita bakina ba.

Jiya aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi.
Allo ya yi baƙi ƙirin.
Tasi'u na kai-kawo, Baba na murmushi,
Uwani ta jawo tsohon littafinta.
Mudi ya zauna, hannu bisa gwiwa,
kamar wanda mota ta bari a tasha.

Na ajiye biron.
Na ja kujera kusa da shi,
na ce, "Mudi, nawa ya rage a hayar?"