Zazzaɓin Harawa

Mun ce damina ta yi sallama.
Shamuwa ta tafi, raɓa ta soma sauka,
gero ya shige rumbu,
muka jibge harawa a bayan garke,
dami ɗari biyu da goma sha huɗu,
ta wake daban, ta gyaɗa daban,
rabinta bashi ce daga gonakin Malala.

Tampol kam na gani a kasuwar Dukku.
Na taya, mai shi ya ce albarka,
na ce sai wata kasuwar.

Daren Talata gabas ta haɗe rai.
Ban ji tsawa ba, ƙamshin ƙasa ne ya tashe ni,
ƙamshin da nake yi wa barka a watan shuka,
yau ya shigo ɗaki ba sallama, kamar mai bin bashi.
Na fita ba takalmi, da tabarma biyu a ka.
Ina tabarma, ina tsauni?

Da hantsi Bappayo ya iso,
shekara talatin yana bin sawun shanun wasu.
Bai yi mini jaje ba.
Ya naɗe riga, ya cusa hannu cikin tarin har hammata,
ya yi shiru,
kamar mai laluben maraƙi a cikin uwarsa.
Ya ce, ta fara zazzaɓi.
In ta kwana biyu haka, taki za ka kwasa.

Sai muka hau kwancewa.
Muka shanya a fako, a kan danga, a rassan marke,
har rufin kwanon ɗakin magani bai tsira ba.
Yaran Hammadu na juyawa da sanda mai baki biyu,
ganye na kakkaɓewa,
ga shi ganyen ne nama, kara ƙashi ne kawai.
Goggo Dudu na biye da tsintsiya da faifai,
tana tsince shi kamar hatsin sadaka.

Kwana uku rana ta yi iyakar yinta.
Wadda ta bushe da korenta ta hau rumfa, nesa da ƙasa.
Wadda ta koɗe, ƙamshi ya gudu,
Bappayo ya ce a ajiye wa bijimai,
da ruwan kanwa za ta shiga a bazara,
lokacin da yunwa ba ta zaɓe.

Saura arba'in da ɗaya.
Cikinsu baƙi, fumfuna ta yi musu furfura,
ka girgiza, ƙura ta tashi ta shaƙe ka.

Da dare na zauna lissafi,
son zuciya ya riƙe mini fitila:
a lulluɓe su da mai kyau ta waje,
matan da ke kiwon tunkiya a gida
ba sa kwance dami a kasuwa.

Da asuba na gaya wa Bappayo, ƙasa-ƙasa.
Ya dubi Wule, mai cikin wata bakwai,
tana tuƙa a gindin turke, idonta rabi a rufe.
Ya damƙo baƙar, ya miƙo mini.
Ya ce, fara ba ta.

Hannuna bai ɗagu ba.

Rami muka haƙa a gefen gonar dawa,
harawa, kashin shanu, toka, harawa,
arba'in da ɗaya, ina ƙirgawa da baki,
kowane dami da sunan wanda zan biya.
Bappayo ya taka ƙasar da dunduniya,
ya ce, baɗi ka zo nan ka ga zangarniya.
Jajen ke nan, ban samu wani ba.

Ran kasuwa na koma Dukku.
Tampol ya ƙara kuɗi, ban taya ba.
Na ɗauro shi a bayan babur,
na rufe rumfa, na danne gefuna da duwatsu.

Tun ranar sama take wasai,
ko gajimare ɗaya bai gifta ba.