Abin da Ruwa Ke Yi a Bakin Ƙarfe

Ƙarfe biyun dare a Naraguta.
Sanyin Jos ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa
ya zauna mini a gwiwa.
Dachung ya tafi gida tun magariba,
ya bar mini makullin ɗakin gwaji
da ragowar soyayyen dankali a leda.

Ga kwalbar gilashi, ba ta kai kofin shayi ba,
ruwan cikinta garau, kamar babu.
Faranti biyu na ƙarfe suna fuskantar juna
kamar surukai da aka haɗa a tabarma ɗaya.
Jan haske ya fito daga bakin na'ura,
siriri kamar zaren ɗinkin hula,
ya ratsa matata ta farko, ya ratsa ruwan,
ya isa ta biyu, wadda na gitta da hannuna,
ta ce masa: iyakarka nan.

Sai na murɗa maɓallin wuta.

Babu kumfa, babu ƙara.
Wanda ya leƙo ta taga zai rantse ba abin da ya faru.
Amma can a jikin ƙarfen,
a wani ɗan fili da silin gashi ya fi shi kauri sau dubu,
ƙwayoyin ruwa masu kai-komo
kamar 'yan kasuwar Taminus da yamma
suka ji kira,
suka juya fuska gefe guda, suka daidaita sahu.
Hasken da ya gogi kafaɗunsu ya ɗan karkace,
kamar mai kauce wa tsohuwa a lungu,
ya sami kafa, ya wuce.
Allurar awo ta ɗaga kai.

Shekara ashirin babana yana wankin kuza a Bukuru,
ƙafafunsa cikin kududdufi har suka yi fari.
Yakan juya ƙwarya a hankali,
yashi ya bi ruwa ya tafi,
baƙin abu mai nauyi ya lafe a jikin ƙwaryar.
Yakan ce: Tasalla, bar kallon tsakiya,
inda ruwa ya taɓa wani abu
nan yake faɗin abin da ya ɓoye.
Bai taɓa riƙe alƙalami ba.
Ni kuwa shafi arba'in na cika da lissafi
kafin na iso inda yake tsaye.

Na ƙara wuta, allura ta ƙara hawa.
Na rage, ta sauko, babu gardama.
Sau bakwai.
A na takwas aka ɗauke wuta.

Duhu. Firij ya yi shiru.
Na san a cikin kwalbar sahu ya watse,
kowa ya koma harkarsa.
Da fitilar waya na rubuta lambar ƙarshe,
hannuna na rawa,
ban sani ba ko sanyi ne.
A gefenta na ƙara:
a maimaita gobe, in Dachung ya samo man janareta.