Ba Wanda Ya Nemi Fita

Daren jiya ban runtsa ba.
Na tsaga takardar shiri da jan biro:
minti biyar na gaisuwa, goma na tuni,
saura na ɗebewa, sha biyu a fid da biyar.
Hasiya, abokiyar ɗakina, ta zame mini ɗaliba,
ta ɗaga hannu, ta amsa komi daidai.
Ashe ba a gwada zurfin tabkin Babaye a kwanon sha.

Da safe, lakwal ta Bilbis, ajin zana,
yara tamanin da uku bisa tabarmi da buhunan siminti.
Mushe Nomau can baya,
agogonsa kwance a kan gwiwa.

Na ce sha biyu.
Na ce a fid da biyar.
Muryata ta tafi, ta sami rami a zana, ta fice.
Wata akuya ta sa baki tana cin bangonmu,
duk idanu suka koma wurinta.
Ita ba ta yi makarantar horo ba,
amma ta iya riƙon aji.
Na bugi tebur. Suka yi tsit,
shirun kaji in shaho ya gifta,
ba na mai saurare ba.
Biyu suka nemi fita fitsari. Sai huɗu.

Alli ya karye a hannuna.
Na duƙa ɗauka, idona ya faɗa allon Arzika:
babu lamba ko ɗaya,
doguwar mota ce, kaya tuli a kanta,
da mutum guda yana ɗaga hannu ta taga.

Wane ne? Babana.
Ina za shi? Abijan.

Ban san abin da ya ja bakina ba.
Na miƙe na ce: wa ke da wani a hanya?
Hannuwa suka tashi kamar hatsi bayan ruwa.
Na Abijan, na Legas, na Agadas,
wani ya ce nasa sai dai murya a salula.
Arzika, wata nawa ya ce zai yi? Sha biyu.
Nawa ya yi? Biyar, tun bayan girbi.
To, saura nawa?

Yatsu suka fito, wasu har na ƙafa.
Bakwai! Madam, bakwai!
Akuya ta ci ta ƙoshi, ba mai kallonta.

Sai Zuwaira, wadda kallabinta ya fi ta girma,
ta ce: Madam, in bai faɗi ranar dawowa ba,
cikin nawa za a fid da?

Wannan babu shi a takardata.
Babu shi a littafin da aka raba mana.
Na tsaya da guntun alli yana jiƙewa a tafina,
na ce: matso nan gaba.
Gobe tarawa za mu yi,
mu ƙirga waɗanda kika riga kika jira.

Da aka buga ƙarfen tashi
Mushe Nomau ya miƙo takarda, fuska ba yabo ba fallasa.
Kin zarce da minti sha ɗaya.
Kin bar tabulo ba kwanan wata.
Kin ba gefen hagu baya.
Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe,
kamar ba ya son a gani:
Rabin awa, ba wanda ya nemi fita.

Na ƙulle ta a haɓar zane,
na sayi cuku biyu a bakin hanya.
Hasiya na ƙofa tana jiran labari.
Gobe nata ne,
kuma akuyar tana nan.