Ba Laifin Moto Ba Ne

Sau uku yau, a shagonmu na Garwa,
injin sassaƙar ƙarfe ya cije.
Kwamfuta na ƙifta jan ido:
lodi ya yi yawa.

Na taɓa moton, zafi kamar tandar masa.
Na ce, "Ya ƙone. Sai an aika Duwala."

Hamajoda bai tanka ba.
Ya kashe wuta, ya kwance bel,
ya murza sandar da hannunsa.
Ta tafi, ta tafi,
ta turje.

A ƙarƙashin murfi, ɓarɓashin ƙarfe
ya cakuɗe da tsohon giris ya daskare,
bututun mai ya toshe tun bara.

"Miƙo kananzir da tsumma, yaro.
Wanda ya yi ihu
ba shi ne ɓarawon ba."