Ɗan Kamasho a Cikin Jirgi

Shekara talatin da ɗaya ina lodi a tashar Garwa,
motar Marwa, motar Gidar, mai sauka Figil da buhun dawa.
Bas mai cin sha takwas nakan ɗura mata ashirin da biyar.
"Matsa kaɗan, Hajja, ɗora yaron nan a cinya.
Kai mai akuya, ƙafa ɗaya ta ishe ka."
Ban taɓa barin mutum a ƙasa ba
muddin akwai inda zai ɗosana.

Yau ga ni, ni Garga, da takardar asibiti a aljihu.
Idon hagu ya yi yana, an ce sai Yawunde.
Ladifa ta aiko da tikiti,
ta ce hanya ta gaji da ni, in ɗanɗani sama.

Ina shiga na soma ƙirge, hali zanen dutse.
Can gaba layi uku, biyu nan, biyu can,
masu faɗi, mutum ya miƙe har ya yi minshari.
Sai labule.
Bayan labule mu ne, uku nan, uku can,
da 'yar hanya a tsaka, mai ƙiba sai ya karkace.
Layi ashirin. Na haɗa a ka:
ɗari da talatin da biyu.
Na dubi hanyar nan da aka bari fayau,
na ce kai, asara!
Da ni ne, dogon benci zan jefa,
ɗari biyu za ta ci, har da kwandon kifin Lagdo.

Sha bakwai, ta tsakiya, ita ce tawa.
Dama ɗan kasuwar auduga ya ƙwace madogarar hannu,
hagu wani ɗalibi ya toshe kunne da waya.
Gwiwata na gaisawa da bayan na gaba.
Ashe sama ma ana matsi,
sai dai nan an auna shi da ma'auni,
aka kuma ɗaure ka da ɗamara kada ka yi gardama.

Wurin awon kaya na baro wata mata,
Dudu na ji an kira ta, jakarta ta leda.
Uwarta na kwance a can, ba tabbas ta kai gobe.
Aka ce jirgi ya cika.
Ta ce a tsaye ma za ta iya.
Mai kantar ya yi murmushi, ya kira na baya.

Da labule ya ɗaga, na leƙa da idon da ya rage:
kujera biyar ba kowa,
matashi ne zaune a kansu kamar ya biya.
Na tare yarinyar da ke duba ɗamara.
"Baba, waɗancan kuɗinsu daban."
Ta faɗi sefa nawa. Na haɗiye yawu.

Na buɗe baki zan tsine wa wani,
sai Pitowa ta faɗo mini,
damina, motar Hamajoda, tayar gaba.
Ni na loda ta. Ashirin da shida.
Na ƙarshen malamin makaranta ne, da hula sabuwa,
ni na roƙa masa wuri bakin ƙofa,
har ya dawo da baya ya ba ni na goro.

Na rufe bakin.

Jirgi ya yi gurnani, ƙasa ta sake mu.
Binuwai ta koma zare, gada ta koma tsinke,
na nemi rumfar tasharmu ban gane ta ba.
Wata rana za a buɗe mini nawa littafin lodi,
ban san wane shafi za a fara karantawa ba,
na waɗanda na cusa ko na waɗanda suka isa gida.

Sai da aka kawo shayi na lura:
tun tashinmu na takure jiki gefe guda,
na bar rabin sha bakwai,
ko da wani zai zo.